Na Koya wa Yayana Riƙe Numfashi

Lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, ɗan malami a Limawa cikin Dutse, wanda karatu bai zauna masa ba sai kaifin baki. Mu biyu ne maza wurin mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa. Yayana shi ne na kirki. Ya haddace Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, kuma duk unguwa an san shi zai gaji buzun Malam. Abu ɗaya ke damunsa, ciwon fuka. Idan ta motsa masa sai ka ji ƙirjinsa na kuka tun daga soro, ya katse aya a tsakiya yana neman iska. Ni kuwa ƙirjina lafiya lau, kaina ne fanko. Yau na tsufa, duk waɗanda abin ya shafa sun riga ni gidan gaskiya, shi ya sa nake rubuto muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da Turawa ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Taura, aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Na tafi a madadin Yaya saboda ciwonsa. A can aka haɗa ni da wani Ba'indiye mai awon hanya, dattijo siriri, ni ke ɗaukar masa sarƙar awo da turaku. Kullum idan mun idar da sallar asuba sai in gan shi a gindin wata tsamiya ya shimfiɗa tabarma, ya miƙe jiki, ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, sannan ya tanƙwashe ƙafa ya zauna kamar an dasa shi. Ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya motsi. Wani lokaci ƙirjinsa ya tsaya cak har in ce ya cika, can sai ya saki numfashi a hankali. Idan rana ta take tsaka mu samari duk mun jigata, shi kuwa tsohon yana tafe ko haki ba ya yi.

Na dame shi da tambaya har ya gaji ya zaunar da ni. Hausarsa gurguwa ce, amma ana ganewa. Ya ce a ƙasarsu ana kiran abin yoga. Ya ce jiki da zuciya kamar jaki ne da mai shi, kowa na jan nasa waje, aikin kuwa shi ne a sasanta su har mutum ya iya zama shiru gaban Mahaliccinsa ba tare da tunani ya yi ta yawo da shi ba. Ba don ƙarfi ake yi ba, ba kuma don a burge wani ba. Ya koya mini zama da miƙe baya da jan numfashi a hankali. Da na ce saura riƙe numfashin, sai ya girgiza kai. Ya ce shi sai da ya shekara goma sha biyu gaban malaminsa kafin a ba shi izini, kuma mai ciwon ƙirji ko kusa kada ya gwada. Ya ƙara da cewa ya ga yadda nake sallah kamar kaza na cin tsaba, in je in fara natsuwa a can tukuna, don abin da nake nema yana gidanmu.

Gaskiya ya gaya mini, amma ni ɗan gidan malamai ne. Na tashi ina ganin yadda ake rowar laƙani, mai asiri ya ba ka ɓawon ya ɓoye ƙwayar, sai ka yi masa hidima shekara da shekaru. Saboda haka na yanke a raina cewa abin da ya hana ni, nan asirin yake. Na riƙa laɓewa bayan tsamiyar da carbina, da ya ɗauke numfashi sai in fara ja, ƙwaya-ƙwaya, har ya saki. Akwai ranar da carbin ya zagayo na shiga na biyu. Da aka sallame mu na dawo Dutse ina jin na sato taska.

Na tarar kaka ta yi, ana sussuka, ƙaiƙayi ya cika unguwa, fuka ta matsa wa Yaya. Na ce masa na samo maganinta. Magana ta kai kunnen Malam, ya kira ni soro ya tambaye ni wa ya ba ni izini. Na ce Allah ya gafarta Malam, ai ba wuridi ba ne, motsa jiki ne kawai. Ya ce ko wuridi ne ko ba wuridi ba, abin da aka ɗauko ta bayan mai shi ba ya albarka, kada ya ƙara jin zancen. Na ce to, na fito na zarce wurin Yaya. Shi ne zai ja wa Malam baƙi a tafsirin azumin shekarar, wato ya karanto aya Malam ya fassara, kuma abin na cin ransa. Ya ce mini shi ba ya neman komai sai ya ja baƙin nan bai katse aya a gaban jama'a ba. Ya ce in dai na tabbata to ya yarda, ai ƙaninsa ba zai cuce shi ba.

Kullum da hantsi sai mu hau duwatsun bayan unguwa, a gida mu ce tilawa za mu. Kwanakin farko zama da jan numfashi a hankali kawai muka yi, wato abin da aka ba ni da hannu biyu, kuma wallahi ya ji sauƙi, har barcinsa ya gyaru. Da na tsaya nan da ban rubuto wannan takarda ba. Amma na matsu in ga asirina ya ci, na sa shi riƙewa ina ja masa carbi. Ya kai ashirin, ya kai talatin. Wata safiya muka hau ƙirjinsa na kuka, ya ce ko mu huta yau. Na ce ciwon ne ke kokawar fita, yau ce ranar. Na kuma yi masa gorin da har gobe nake jin ɗacinsa a bakina, na ce mutumin da ba ya ko sallah ya wuce ɗari, balle mahaddaci. Kunya ta kama shi. Ya zauna, ya miƙe baya, ya ja iska ya rufe baki, ni kuma na sunkuyar da kai kan carbi. Na ji ya dafa gwiwata ya matse, na ce saura goma. Da na ɗago leɓensa sun yi baƙi, ya buɗe baki iska ta ƙi shiga, ya kife. Na goyo shi na sauko, kuma hanyar da nisa.

Bai mutu ba. Kwana biyu bai san inda yake ba, da ya farfaɗo harshensa ya yi nauyi, hannu ɗaya ya saki, Alƙur'ani kuma ya tafi. Sai ya fara Fatiha ya maƙale, ya bi fuskokinmu da kallo. Mutane suka ce iskokin duwatsu ne. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, har Jahun aka kai shi a kan jaki wurin wani mai magani, ina riƙe da linzamin. Sau ɗaya Malam ya dube ni ido cikin ido ya tambaye ni me muke yi a can sama. Na ce tilawa. Bai sake tambaya ba, kuma ban san ko ya yarda ba. A azumin nan wani ne ya ja baƙi. Bayan shekara uku Malam ya rasu, makaranta ta watse, domin ni ba abin da zan karantar.

Yaya ya shekara goma sha ɗaya a hannuna, ni ke yi masa wanka ni ke ba shi abinci, mutane na sa mini albarka suna cewa ba a taɓa ƙani irina ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, izu sittin ya manta, amma darasina bai manta ba. Duk sanda ya ga na ɗauki carbi bayan sallah sai ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya, ya rufe baki, ya kafa wa hannuna ido yana jiran in ce ya saki. Na jefa carbin a rijiya. Tun daga ranar da yatsu nake tasbihi, hannuna a cikin riga.

Ban ga laifin Ba'indiyen nan ba, ban ga laifin abin da yake yi ba. Ya ce aikin na sasanta jiki da zuciya ne, ni kuma na mai da shi gasa, na ɗora a kan ƙirjin da ba nawa ba. Yanzu ina ganin samari na dawowa daga ƙasashe da irin waɗannan abubuwa, kowa na son ya zama malami a wata guda. Ina roƙonku, idan mai abu ya ce kada ku yi, kada ku ɗauka rowa ce. Kada ku koyar da abin da kuka leƙo ta bayan bishiya, kuma idan mara lafiya ya ce ya gaji, ku ƙyale shi ya huta. Ni dai ina istigfari, amma haƙƙin na mutum ne, sai shi ya yafe. Ana saura kwana kaɗan ya rasu na durƙusa gabansa na faɗa masa komai, na ce Yaya ka yafe mini. Ya yi ta kallona bai gane ba. Can sai ya yi murmushi, ya tambaye ni da nauyin harshensa ko ya kai ɗari.