Rawayar Lindsay Trewin

A garin Ballarat, duk mai haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba ya san Lindsay Trewin. Fentin mota ya yi har ƙarfi ya ƙare, sannan ya koma rumfar bayan gidansa yana haɗa tankokin Jamus, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Yaƙi bai dame shi ba. Launi ne ya kama shi.

Akwai wata rawaya mai duhu, kamar jiƙaƙƙen yashi, wadda Jamusawa suka koma shafa wa tankokinsu a farkon 1943, bayan sun bar ruwan toka. Lindsay ba ya sayen ta a kwalba. Da ido yake haɗa ta, ko samfuri ba ya dubawa. A ƙungiyarsu da ke taruwa a zauren coci ran Asabar, in gardamar launi ta tashi sai a ce a kai wa Lindsay. Yakan ɗaga tanka wajen taga, ya ce, "Wannan ai ayaba ce." Mai ita ya tafi ya kankare.

Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta rufe masa idanu. Matarsa Noreen ta matsa har aka yi masa aikin na dama, na hagu kuma aka ce sai an kira shi.

Ran da aka cire bandeji ya shiga rumfa da hantsi. Tankokin kantar sama, na dā, suna nan daidai. Na ƙasa kuwa, aikin shekarun nan, duk sun yi fari-fari, shuɗi-shuɗi, kamar ruwan wanki. Likita ta faɗa masa cewa yanar ido takan sa mutum ya ga komai da rawaya-rawaya. Ashe shi ya sa yake ta rage rawaya a fentinsa.

Ran Asabar ya ajiye ɗaya a gaban Merv Halloran, abokinsa tun suna samari.

"Merv, wane launi ne wannan?"

"Kai ne malamin launi, tsoho. Ni me na sani?"

"Kar ka raina min hankali. Tun yaushe?"

Merv ya juya kofin shayinsa. "Tun tankar da muka ba ka lambar yabo a kanta."

"Ba ni kuka yi ke nan, ba ci na yi ba."

Lindsay ya sake tambaya.

"Waɗanda na sa suka kankare nasu fa?"

"Sun kankare. Da suka je gida suka mayar."

Lindsay ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Ya koma gida ya gwada kankare fentin tanka ɗaya. Shebur ɗin jikinta ya ɓalle, fitila ta bi shi. Ya ajiye. Waɗannan tankokin ba masu gyaruwa ba ne.

Yana zaune a kan kujera sai ya sa tafi ya rufe idon dama. Nan take kantar ƙasa ta dawo jiƙaƙƙen yashi, tanka bayan tanka, yadda ya shafa su.

Noreen ta leƙo daga kicin. "Lindsay, asibiti ne a waya. Sun sa ranar aikin ɗaya idon."

"Ce musu ina zuwa," in ji shi.

Bai tashi ba, bai kuma sauke hannun ba.