Ƙugiyar da Ta Ɓace Ranar Suna

Yayana mutum ne mai son komai nasa a hango shi daga nesa. Ko hula zai saya, sai wadda ta fi ta kowa tsayi. Don haka da Allah ya ba matarsa haihuwar 'ya mace, bayan shekaru masu yawa ana jira, na san za mu sha kallo.

Daga Kabo ya taso takanas zuwa Gwarzo, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, ya shiga wani shagon buga kati. Da ya gama ya biyo ta gidana, bakinsa har kunne. Wai an nuna masa kalolin rubutu iri-iri a kwamfuta, duk ya ƙi su. Wani ya ce siriri ne kamar mai jinya, wani kuma na katin amare ne. Wanda ya zaɓa baƙi ne wuluk, mai kauri, kowane harafi a tsaye da ɗan takalminsa a ƙasa da 'yar hularsa a sama.

"Irin na kanun jarida," in ji shi. "Ko mai ciwon ido ya karanta daga bakin titi."

Na ce, "Yaya, sunan jaririya za a yi ko takarar shugaban ƙaramar hukuma?"

Ya ce ba ni da ido. Gaskiya kuwa rubutun nan yana da kwarjini. Ni ma ina son sa a kan takardar shaida da allon masallaci, don in ya faɗi magana sai ka ji kamar alƙali ne ya yanke ta.

Ranar suna da hantsi mai babur ya sauke ni a bakin layinsu. Tun daga nan na hango ƙatuwar fastar da ya bugo, an ɗaure ta a saman ƙofar gida, daidai kan mazan da ke zaune a tabarmi. Ga hoton maijego rungume da jaririya, ga rubutu a samansu ɓaro-ɓaro: ALHAMDU LILLAHI, MUN SAMU KARUWA A GIDANMU.

Na murza ido na sake karantawa, ko dai rana ce ta haske ni. Ina! Harafin farko na kalmar nan a miƙe yake sambal, babu ƙugiyar da za ta mai da shi ƙaruwa. Na yi salati a fili har mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Abin da ya fi ɗaure min kai, dattawa na ta cin goro a ƙarƙashinta hankali kwance. Mun saba rubuta Hausa a waya ba ƙugiya, ido ya ga wani abu, zuciya ta gyara. Amma a waya rubutu ƙanana ne. Wannan kuwa ihu yake yi, kuma wasu samari a gefe sun riga sun ji shi, suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto suna ƙunshe dariya.

Na aika aka kira min yayana zaure.

"Yaya, don girman Allah ka karanta abin da ka rataya."

Ya leƙa, ya dawo. "Ƙaruwa mana. Me ya faru?"

"Ina ƙugiyar?"

"Ga ta nan a sama, ba ki gani ba?"

Ashe 'yar hular nan ta kan harafin ya ɗauka ƙugiya ce. Mai shagon ma, wai haka ya ce masa, don rubutun nasu ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Na ce ya duba sauran haruffan, ai duk da hularsu. Ya sake leƙawa, ya daɗe. Da ya juyo, gumi ne ke bin wuyan babbar rigarsa. Da kansa ya taka benci ya tsinke igiyar, bai ko nemi wuƙa ba.

Na shiga cikin gida ina addu'ar kada maganar ta kai kunnen maijego. A tsakar gida na tarar da abin da ya fi fastar muni. Robobin da ake raba wa mata, kowacce da sitika a jikinta, hoto ɗaya, rubutu ɗaya. 'Yan uwan maijego na Gude da suka yi sammako har sun karɓi nasu, wasu sun tafi da su.

Na same ta a ɗaki, ta sha lalle da sabuwar atamfa, jaririya na shan mama. Roba ɗaya ce a gefenta, tana kankare sitikar da farce a hankali. Ni da ita kullum cikin tsokanar juna muke, amma ran nan babu wasa. Na fara kame-kame, wai laifin kwamfuta ne, wai kowa ya san abin da ake nufi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malama, na iya karatu ai."

Ta gyara wa 'yar kwanciya, ta ci gaba da kankara.

"Duk shekarun da aka yi ana ce min juya a garin nan, a bayan idona ake faɗa. Ba wanda ya taɓa buga shi ya manna hotona."