Tayil na Ƙarshe a Hannun Sai-Gobe

Na yi shekara goma sha tara ina aikin famfo, kuma ba na yabon mutum sai na ga hannunsa a kan aiki. Na Sai-Gobe kam na gani.

Tsoho ne mai yankan gilashi da huda tayil da dutse. Shagonsa bai fi ɗakin ajiya ba: teburi ɗaya an shimfiɗa masa tsohon bargo, bokitin ruwa, sai akwatin da yake jera bakunan injin hudarsa. Kowane baki kamar ɗan kofin ƙarfe yake, an manna wa leɓensa garin daimon. Ba yanka yake yi ba, cin abu yake a hankali. Mai shi ma haka yake, shi ya sa magina suka laƙaba masa Sai-Gobe. Yana saurayi ya yi aiki a wurin yin madubi, a nan gaggawa ta tafi da kan yatsarsa ɗaya. Tun ranar ba wanda ya ƙara sa shi sauri, har matarsa ta haƙura.

Abin kunya ne ya kai ni wurinsa. Bututun banɗakin surukata ya fashe a cikin bango. Na fasa wurin na gyara, saura in mayar da tayil ɗaya, wanda sai an huda shi kafin kan famfo ya samu mafita. Tayil ne kore mai zanen ganye, marigayi mijinta ya zaɓo shi, kuma an daina yin irinsa. Uku suka rage, tana ajiye da su a ƙarƙashin gado cikin tsohon zani. Ta miƙo mini da hannu biyu. Cikin minti goma na fasa biyu.

Na naɗe na ukun a rigata, na kwashi gutsattsarin da injina na tafi.

Sai-Gobe ya juya gutsattsarin, ya shinshina bakin da na yi aiki da shi, ya dubi injina.

"Mai famfo, a kan duka ka bar shi ko?"

Haka ne. Na saba da bangon kankare, hannuna ya manta ya kashe gudumar injin.

"Kuma a bushe. Kai da ruwa ne abincinka, ka hana tayil ko ɗigo?"

"Baba, zage ni daga baya. Na surukata ne, shi kaɗai ya rage."

"Surukarka? To zauna, yau ka ga ta kanka."

Inda za a huda ɗin tazarar yatsa biyu ce kacal daga gefen tayil ɗin, wurin da tsagewa take so. Ya ɗora shi a kan katako, ya murza laka ya zagaye alamar da na yi, ya cika tsakiya da ruwa. Ya kwantar da bakin a karkace har ya kama, sannan ya miƙar da shi kaɗan kaɗan. Bai danna ba, nauyin injin kawai ya bari. Ruwan ya koma fari kamar madara. Ya ɗaga, ya ƙara ruwa, ya koma. Kunnensa ya karkata wajen aikin, idonsa rabi a rufe. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini guntuwar yatsar nan, na haɗiye.

Can sai ya kashe injin, ramin bai fita ba. Na leƙo na tambaye shi.

"Ya tsage?"

"Kai ne ka tsage. Muryarsa ta canza, ya kusa fita. A nan ku masu gaggawa kuke kashe shi."

Ya kife tayil ɗin, ya ɗaga shi a haske ya ga inuwar da'irar, ya sake gina lakarsa, ya shiga ta baya. Da ya ɗaga tayil ɗin, sai ɗan faifan tsakiya ya faɗo kan bargo. Ramin ya fita sumul, ko tabo babu.

Ya saka mini ɗan faifan a aljihu. "Kai mata wannan ma. Nata ne."

Da la'asar na manna tayil ɗin, na ɗaura famfo, na buɗe ruwa. Surukata ta shigo ta shafa gefen ramin da yatsa.

"Ashe ka iya."

"Mama, ba ni ba ne. Ni biyu na fasa miki."

"Na sani, ɗan nan. Daga ɗaki na ji ƙararsu, ɗaya bayan ɗaya. So nake in ji ko za ka faɗa."

Na miƙa mata ɗan faifan kore. Ta juya shi a tafin hannu, ta ƙulle a bakin tsohon zanin, ta mayar ƙarƙashin gado.

Yanzu kafin in taɓa tayil ɗin kowa, sai na duba gudumar injina sau biyu, bokiti kuma yana gefena.