Ban Sauka Na Tura Ba

Asabar ta farko bayan an rufe makarantu a watan Yuni, shekarar da na cika sha biyu, na tsinci kaina kwance cikin ciyawa a bakin wata 'yar hanya gabas da garin Bowie na Amurka, keke a kaina, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Gwiwata ta dama ta saɓule, jini na bin ƙaurina yana shiga safa. Wani jan doki ya leƙo ta saman farin shinge yana kallona yana tauna. Baba ya jingine kekensa, ya ɗauke nawa daga kaina, amma ni bai ɗaga ni ba. Muna cikin haka wata Baturiya ta tsaya da akori-kura ta sauke gilashi. Ba jinin ta kalla ba, siririyar ƙafata ta hagu ta kalla, da takalmin asibiti mai tauri da ke riƙe da ita. Ta ce a zuba kekunan a baya ta kai mu gida. Baba ya yi mata godiya, sannan ya juyo ya ce mini da Hausa, "Rahila, ke ake tambaya." Na ce wa matar a'a, da Turancin da har lokacin bai gama zama a bakina ba. Ta sake tambaya, na sake cewa a'a.

Shan inna ne ya taɓa ƙafar tun ina goye a Pankshin. A can ba wanda ya ɗauke mini komai saboda ita. Ina zuwa rafi da ɗan bokitina, ina tsaron tsuntsaye a gonar acca, in yara suka hau duwatsu ina biye da su, ko da kuwa ni ce ta ƙarshe. Sai da muka zo Amurka ina shekara goma na zama abin lallaɓawa. Mama nas ce, kullum tana ganin waɗanda aka kawo asibiti a kakkarye, don haka kalmar da ta fi yawa a bakinta ita ce "a hankali". A makaranta, in an fita motsa jiki, benci ne wurina, ina gadin rigunan sanyin 'yan ajinmu. A gida aikina wanke-wanke da tsinke yakuwa da alayyahon da Mama ta shuka a bayan gida, da korar bareyin da ke fitowa daga daji su cinye mata gauta. Ranar Lahadi kuwa, da an tashi daga sujada, matan coci su yi ta shafa mini kai suna cewa, "Allah sarki, baiwar Allah." Tsokanar yaran makaranta ba ta taɓa ƙona mini rai kamar wannan shafar ba.

Baba malamin lissafi ne a can Pankshin, shekara da shekaru a kan keke yake hawa da gangara zuwa makarantar wani ƙauye. A nan Amurka ya samu aiki a kantin magani. Unguwarmu kuwa ko burodi mutum zai saya sai ya tayar da mota, shi ya sa da Baba ya karɓo tsofaffin kekuna biyu wurin wani maƙwabci da ke share garejinsa, abokansa suka samu abin dariya: "Malam Bitrus, ka tsallako teku don ka koma kan keke?" Shi dai ya shafa wa kaca mai, ya rage tsawon sirdin ƙaramin, ya ɗaura wa fedar hagu maɗauri don kada ƙafata ta riƙa zamewa. A filin ajiye motoci na coci ya koya mini, a ranakun da Mama ke aiki. Da na iya, sai muka fara fita bayan gari.

Da an haye kogin Patuxent gidaje suke janyewa, hanya ta tsuke, gonakin masara da waken suya su buɗe hagu da dama. Ga tsofaffin rumfunan katako da ake shanya taba a cikinsu a da, ga warin kashin doki da ɗanyar ciyawa, wani lokaci mu tsaya kunkuru ya gama tsallakawa. Hanyar ba ta miƙewa, daga kwari sai tudu, daga tudu sai kwari, Baba yana gaba yana rera waƙoƙin coci. In muka saki kekuna a gangara, iska na kaɗa mini riga, ba mai iya cewa wace ƙafa ce lafiyayya. Hawa ne ke tona asiri, domin ƙafar dama ce ke aikin biyu. Tudun da ke gefen gonar dawakai ya fi sauran mugunta: yana farawa a kwance, sai ya sha kwana ya miƙe tsaye. A wannan kwanar keke ya tsaya cak, ƙafar hagu tana ɗaure ban iya zare ta ba, na kife.

Da ƙafata na tuƙo keken har gida ran nan, amma Mama na ganin gwiwar ta ajiye ludayi. "Baban Rahila, so kake ka ƙarasa mini ita?" Ta wanke ciwon, da yamma ta ɗaure keken da sarƙa a jikin ginshiƙin gareji, ta jefa makullin a jakarta. Baba ya ce in yi haƙuri. Ban yi ba. Washegari na jawo bulo biyu na ɗora keken a kai yadda tayar baya za ta bar ƙasa, na wangale ƙofar gareji, na hau na kama tuƙi. Kullum in na gama wanke-wanke nan nake, cikin zafin Yuli, gumi na ɗiga a siminti, maƙwabta na wucewa suna kallon yarinyar da ke gudu a kan ɗaurarren keke. Wata Lahadi kuma da wata dattijuwa ta miƙo hannu tana cewa baiwar Allah, na kauce na ce, "Sunana Rahila." Na sha faɗa a mota har gida.

Wata rana Mama ta dawo daga aiki, kayan asibiti a jikinta, ta tsaya a bakin gareji ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Me kike so ki nuna wa duniya?" Na ce ba ruwana da duniya, tudu ne ya kayar da ni, kuma yana can. Ta ce, "In kika karya ta damar fa, da me za ki taka?" Gaskiya ta faɗa. Na dai ci gaba da juya feda, na ce, "To ki zo ki gani, Mama."

Sai cikin Agusta ta kwance sarƙar, bisa sharaɗin za ta biyo mu da mota. Haka muka tafi, Baba a gaba, ni a tsakiya, Mama a baya fitilun motarta na ƙyaftawa. Motoci suka jeru a bayanta suna hon, Mama da ba ta son ko kallon banza daga baƙo ta zuro hannu ta taga ta yi musu alamar su jira. Tun daga gindin tudun na sassauta giya kamar yadda Baba ya koya mini. Da na isa kwanar, ƙirjina kamar zai tsage, keke ya fara layi, tayar gaba na neman ciyawa. Na ji Mama ta ƙwala kira, na san cewa za ta yi in sauka, na riga na ƙudura ba zan ji ba. Sai na ji ta ce, "Taka! Rahila, taka mana!" Na miƙe daga kan sirdi na danna da duk abin da ya rage a jikina, na sake dannawa, har hanya ta kwanta a gabana. A saman na zube na yi amai a gindin shinge. Mama ta fito ta duba gwiwoyina, ta riƙe wuyan hannuna tana jin bugun jini, sannan ta ce, "Hular kwanon nan ta yi miki yawa, sai an canja." Ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Amma daga ranar, duk Asabar akwai dafaffen ƙwai da gorar zoɓo a kan tebur.

Yanzu ina zaune a College Park, ina da keke marar nauyi da nake ɗagawa da hannu ɗaya, na kuma hau tuddan jihar Virginia da suka ninka wancan. Ƙafar tana nan yadda take, har yau ana tsayawa a tambaye ni ko ina son taimako, har yau amsata ɗaya ce. Wasu gonakin masarar sun zama manyan gidaje, motoci sun yi yawa a hanyar. Baba ya yi ritaya, shi da Mama sun koma Pankshin, gwiwoyinsa sun hana shi hawa, sai dai ya tambaye ni a waya ina na je wannan makon. Ni kaɗai nake fita yawanci, ba mai waƙa a gabana, ba mai tare mini hanya a baya. In hawa ya yi tsanani, har yanzu nakan kasa kunne ko zan ji an ce in taka.