Baban Sanusi Ya Zauna Har Ƙarshe

Fim ya kai rabi, ba wanda ya ko murmusa. Abokina Sanusi ne ya ɗauke shi da waya, wai na barkwanci, aka haska ranar bikin kamun kifi. Tsokanarsa ta kawo ni, sai na hango shi bakin ƙofa yana satar kallon babansa, tsohon masunci da bai taɓa son harkar ba.

Na fashe da dariyar ƙarya, har da dukan cinya.

Tsohon ya waiwayo. "Yaron ga, bar wahal da kanka, ba abin dariya ciki. Amma ɗana ya yi shi, sai na ga ƙarshe nai."

Sanusi ya ji, ya juya yana goge ido. Wallahi na kasa tsokanar.

Ku fa, wa ya taɓa zama dominku haka?