Don Amable ya tafi kafin a haska fim ɗinsa

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Fabrairu, Allah ya yi wa Don Amable Brazobán rasuwa a gidansa da ke bayan tsohuwar masana'antar sukari, yana da shekara saba'in da ɗaya. Matarsa, Doña Casilda, ita ta buga mini waya. Ta ce, "Fior, tsohon naki ya tafi." Na ce ina? Daga baya ta gaya mini ya sha gahawarsa, ya ce zai je kallon atisaye, ya zauna a kujerar baranda yana ɗaure igiyar takalmi, bai sake tashi ba.

Lokacin da wayar ta shigo ina gaban kwamfuta ina tace fim ɗin da na shafe shekaru ina ɗauka a kanka, Don Amable. Fuskarka ce tsaye a kan allo, baki buɗe, a tsakiyar wata magana. Na ajiye wayar, na danna, ka ƙarasa maganarka. Na ci gaba da aiki har tsakar rana. Har yau ban yi kuka ba. Mutane suna riƙe mini hannu suna ba ni haƙuri, ina amsawa, amma abin bai shige ni ba. Kullum da safe in na kunna na'ura sai in same ka kana tafiya a bakin fili, tsinken sakace a baki, kana yi wa wani faɗa.

Na fara zuwa wurinka shekarar da aka ba ka ragamar Garzas, ƙungiyar garinmu ta bezbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge shi da sanda, wadda rabonta da ɗaukar kofi tun ina 'yar firamare. Na ce ina so in yi fim a kan yadda kake tafiyar da ƙungiya. Ka dube ni, ka dubi kyamarar, ka ce, "To, Darakta, amma in ƙwallo ya fasa miki kai ba ruwana." Daga ranar ba ka sake kirana da sunana ba. Kai ka nuna mini inda zan tsaya, kai ka koya mini in daina bin ƙwallo da kyamara in riƙa kallon ƙafafun mutane, domin a cewarka ƙafa ce take fara faɗin abin da zai faru. Lokacin da kake ɗan wasa ka yi shekara ashirin kana tsugune bayan mai bugu kana cafe jifa, har yatsunka suka karkace, babu biyu da suke kallon wuri ɗaya. Da su kake nuna mini hanya, ni kuwa in rasa wanne zan bi.

Abin da ya sa garin nan ya yi ta maganarka shi ne Nurys. Malamar lissafi ce a sakandare, ka je ka ɗauko ta, ka zaunar da ita da kwamfutarta a rumfar 'yan wasa, wurin da mace ba ta taɓa zama ba. Ta tattara alƙaluman kowane mai bugu da kowane mai jifa a gasar, inda yake yawan aika ƙwallo, irin jifan da yake ruɗa shi, lokacin da yake gajiya. Da su kuke tsara wasa. Tsofaffin abokanka na teburin wasan domino a bakin kanti ba su raga maka ba. Ina da su a fim. Ɗaya yana cewa, "Amable, yanzu malamar makaranta ce za ta gaya maka inda ƙwallo zai faɗi? Gobe sai ka nemi izininta kafin ka zaga bayi." Ka buga ɗan dominonka a kan tebur ka ce, "Ku shekara nawa kuna gaya mini inda zai faɗi? Ina kofin?"

Da alƙaluman nan ka ɗauko Chepe, ƙaton da kowace ƙungiya ta ƙi saboda tumbinsa. Nurys ta nuna maka cewa ba wanda ya kai shi isa zangon farko na hanyar cin maki, domin yana da haƙurin barin mugun jifa ya wuce, in ya kai huɗu kuwa kyauta ake ba mai bugu zangon. Da 'yan kallo suka fara yi masa waƙar tsiya, ka ce musu ba gasar kyau ka ɗauke shi ya je maka ba. Na taɓa tambayarka ko wannan lissafi bai rage maka daɗin wasan ba. Ka ce, "Tun ina yaro nake kallon abin nan, na zaci na gama ganinsa. Yarinyar nan ta zo ta nuna mini rabi na gani. Wane tsoho ne yake samun irin wannan?"

Abu ɗaya ka hana ni ɗauka. In alƙaluma suka nuna lokacin wani ɗan wasa ya wuce, ba ka aika masa saƙo, ba ka kiransa ofis. Gidansa kake zuwa, ka zauna ka ci shinkafa da waken da matarsa ta dafa, sannan ka gaya masa da bakinka. Sau da yawa ni nake kai ka a mota, in jira a waje. Kana fitowa sai ka ce mu tafi, ba ka ƙara cewa komai har gida. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti kuma, ka zo da hular ƙungiya ka sa mata a kai, ka zauna kana ba ta labarin wasannin da aka yi kafin a haife ni, tana gyara maka inda ka yi ƙari.

A kakar wasanka ta uku Garzas ta kai wasan ƙarshe. Ranar Lahadi ce da rana, fili ya cika har bisa katanga. Mai jifanmu Wilkin Peguero ne, saurayin da kai ka raine shi a wasa tun yana jifan mangwaro. Ranar hannunsa kamar ba na mutum ba. An shiga zagayen ƙarshe muna gaba da ci ɗaya, saura masu bugu uku ya fitar mu ɗauki kofi. A cikin 'yan kallo akwai baƙi daga Amurka masu neman 'yan wasa, kowa ya san don shi suka zo.

Makonni kafin nan Nurys ta riƙa karɓar hotunan da nake ɗauka tana auna gwiwar hannun Wilkin. Ta ga tana sauka ƙasa da inda ta saba in zai saki ƙwallo. Ranar wasan ta ƙara sauka. Ina tsaye kusa da ku lokacin da ta juyo maka da allon. Ka ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Babu tabbas, Don Amable. Waɗanda hannunsu ya yi haka, da yawa jijiya ta tsinke musu. Wasu kuma ba abin da ya same su." Ka cire tsinken daga bakinka, ka sa a aljihu, ka fita.

Akwai 'yar makirufona a wuyan rigarka, don haka na ji komai, kuma na sake jinsa ya fi a ƙirga.

"Ba ni ƙwallon, ɗana."

"Tsoho, kada ka yi mini haka. Saura uku. Ka ga mutanen can, don ni suka zo."

"Na gan su. Hannun yana ciwo?"

"Ba ya ciwo."

"Tun yaushe yake ciwo?"

Wilkin ya kau da kai. Can ya ce, "Hannuna ne, ba na malamar makaranta ba."

Ka ce, "Naka ne. Shi ya sa nake so ka koma gida da shi."

Bai miƙa maka ƙwallon ba. Ya sake shi ya faɗi a ƙasa, ya juya ya tafi. Ka durƙusa da waɗannan gwiwoyin naka da suka daɗe da lalacewa, a gaban garin nan kaf, ka ɗauka, ka goge ƙurar a wandonka, ka miƙa wa wanda ya canje shi. Shi kuma aka zura masa biyu. Aka ci mu.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. An jefe ka da ɓawon lemo da kofunan roba. Kafin mako ya zagayo masu ƙungiya suka sallame ka, Nurys ta koma ajinta. Wani ya rubuta "Don Kalkuleta" da fenti a bangon gidanka, ka hana a goge, ka ce ai rubutun ya yi kyau. Baƙin Amurka suka tafi ba su ɗauki Wilkin ba. Daga baya ya samu ƙungiya a Meziko, yana can yana jifa har yanzu. Tun ranar bai sake yi maka magana ba. In ya zo hutu ya hango ka a titi, sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren.

Waɗanda suka yi alkawarin tallafa wa fim ɗin suka janye, suka ce wa zai zauna kallon wanda aka ci. Ni kuwa na kasa dainawa, domin kai ba ka daina ba. Kowace Lahadi sai ka bi layi ka yanki tikiti kamar kowa, ka zauna cikin mutanen da suka jefe ka, kana yi wa Garzas ihu. Sabon manajan ya yi abin kirki ka tafa masa. Ya yi shirme ka rufe fuska da hula.

A watan Disamba na kawo maka fim ɗin ka gani, da la'asar, a falonka, Doña Casilda tana gefe tana ɓarar wake. Na rufe shi da wani likita da yake bayanin cewa ka ceci hannun yaron, sai kuma hoton Wilkin yana jifa a Meziko. Na zaci za ka ji daɗi. Da ya ƙare ka ce, "Cire likitan nan, Darakta."

Na ce ai gaskiya ya faɗa.

Ka ce, "Bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Wataƙila da na bar shi ya jefa ukun nan lafiya lau, da yanzu yana Amurka, uwarsa tana gidan bene. Nurys ba ta ce mini zai karye ba. Ta nuna mini abin da ta gani, ni na zaɓa. Kada ki wanke ni da abin da ba wanda ya sani."

Na ce to da me zan rufe?

"Da wasa mana. Akwai wani ƙwallo da Chepe ya buga a zagaye na shida na wasan ƙarshen nan, ya tsaga tsakanin mutum biyu kamar an ja zare. Ba ki ma sa shi ba. Kin san tun yaushe rabon da in ga bugu mai kyau irin wannan?"

Muka yi gardama. Na ce mutane suna bukatar su san ka yi daidai. Ka ce mutane suna bukatar su ga Chepe yana gudu, su yi dariya. Na tafi ban amince ba, na kuma shafe watan Janairu ina sa likitan ina cire shi. A kan wannan wurin nake lokacin da matarka ta kira ni.

An binne ka washegari. Chepe yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, Nurys tana biye, abokan dominonka sun zo da fararen riguna, ba wanda ya yi tsiya. Na tsaya ina kallo kamar aikin wani ne ake ɗauka, har na kama kaina ina tunanin inda hasken rana ya fi kyau.

Wilkin bai samu jana'izar ba. Ranar addu'ar kwana tara ya iso, kai tsaye daga filin jirgi, da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Doña Casilda ta taso da gahawa a hannu, ta dube shi ta ce, "Shigo mana, ɗana. Ba ya nan balle ya cire ka." Ya yi 'yar dariya, sai ya rufe fuska da hannu, ta ja shi ciki.

Bayan an gama addu'a ya same ni a tsakar gida. Ya ce, "An ce kin yi fim. Ya ce ya yi nadama?"

Na ce, "Bai ce ba. Bai kuma yarda a ce ya yi daidai ba."

Ya daɗe yana murza gwiwar hannunsa. Ya ce, "Yana ciwo ranar. Tun kafin a fara wasan yake ciwo. Na so in gaya masa. Kullum sai in ce bari kakar wasa ta ƙare."

Ba kyamara a hannuna lokacin, kuma ba zan roƙe shi ya maimaita ba. Na rubuta a nan ne da izininsa, don kai ya so ya gaya wa, Don Amable, kuma ban san wata hanyar isar maka da saƙon ba.

Na cire likitan. Fim ɗin yanzu yana ƙarewa da bugun Chepe, yana gudu tumbinsa yana rawa, kai kuma kana bakin rumfa ka ɗaga karkatattun yatsunka sama, ba ka san abin da zai faru nan da zagaye uku ba. Za a haska shi a filin Garzas bayan Ista. Wilkin ya ce zai dawo ya gani. Ban san yadda zan yi ranar da na gama aikin na kashe na'urar ba. Ina jin sai a ranar zan san ka mutu.

Allah ya jiƙanka, Don Amable. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutu, ya saka maka da alherin da ka yi wa waɗanda suka gode da waɗanda ba su samu damar godewa ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Casilda, da 'ya'yanku Ulises da Maribel, da jikokinku, da Nurys, da Chepe, da duk wanda ya taɓa sa rigar Garzas a ƙarƙashinka. Ina kuma miƙa ta ga Wilkin Peguero, wanda ka kira ɗanka a maganarku ta ƙarshe. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Fiordaliza Encarnación