Burtalin Baffa Gidaɗo da Takardar Bututun Mai

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi ake komawa, da mai riƙe alƙalami da mai riƙe sanda. Ni Dalhatu Iliyasu, manomi a Unguwar Dinya ta ƙasar Bunkure, wanda ya karɓi takardar shaidar ajin yaƙi da jahilci shekara biyu da suka wuce, ina sanar da jama'a rasuwar Baffa Gidaɗo, dattijon rugar da ke gabas da garinmu. Allah Ya karɓi ransa ranar Laraba da hantsi, sha shida ga Rabi'ul Awwal, daidai da 14 ga Fabrairu, 1979, bayan jinyar ciwon ƙirji ta kwana goma sha biyu. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Inna Hawwa, da ɗansa Hammadu, da 'yarsa Raliya mai aure a Madobi, da jikoki tara.

Baffa, ni kaɗai ne a garin nan zan iya rubuta maka ta'aziyya, kuma ni ne wanda ya fi kowa rashin cancantar yin ta. Na daɗe ina juya wannan magana kafin in ɗauki alƙalami.

Tun ina ƙarami na san ka. Kai ne ka nuna wa mahaifina inda zai haƙa rijiyar gidanmu, bayan ya haƙa biyu ya tarar da dutse. Ka zagaya gidan sau ɗaya kana duban ciyawa, ka kafa sandarka kusa da bishiyar kanya, ka ce a gwada nan. Har yau daga rijiyar muke sha. Kowace kaka, idan mun kwashe dawa, shanunka kan kwana a gonarmu su ci kara su bar mana taki. Sauran makiyaya sukan zaɓi gonar mai hali, kai kuwa ka kan fara da gonar da ta fi gajiya. Da matata Kubra ta haihu nononta ya ƙi zuwa, kwana arba'in Inna Hawwa tana kawo madara da man shanu da ƙafarta, kuma ka hana a mayar da ƙwaryar da komai a ciki.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya iso mana ta magudanai, aka sake rabon ƙasa, kowa ya ruɗe da alkama da tumatir, aka cinye hanyoyin shanu ɗaya bayan ɗaya. Kai ka tsaya gaban Dagaci da ma'aikatan noman rani har aka bar burtali guda, wanda ya taso daga ruga ya ratsa tsakanin gonaki ya sauka mashaya. Faɗinsa taki talatin ne. Saboda wannan burtali, duk tsawon lokacin da yake buɗe, ba a taɓa zare sanda tsakanin manomi da makiyayi a garinmu ba, alhali muna jin labarin abin da ke faruwa a wasu wurare. Gonata tana jikinsa ta yamma.

Ba zan manta ranar da na fara zuwa aji ba. Na fito da allo da littafi a hannu, mutanen da ke zaune gindin rimi suka sa mini dariya. Wani ya ce, "Dalhatu, da gemun naka za a je a yi a, ba, ca? Ka gaishe da malamin, ka ce kada ya yi maka bulala a gaban jikoki." Kana tsaye gefe kana sayen goro, ka juyo ka ce, "Ku bar shi ya tafi. Ranar da takarda ta zo garin nan, ku ne za ku bi shi har gida." Bayan wata uku ka kawo mini katin allurar shanu a bainar jama'a ka ce in karanta maka. Daga baya na ji cewa malamin dabbobi ya riga ya faɗa maka duk abin da ke ciki. Ka kawo ne don mutane su ga ina karatu.

Takardar kuwa ta zo, kamar yadda ka faɗa.

Bara da rani mota ta tsaya a ƙofar Dagaci, aka tara mu. Wani jami'i mai suna Malam Sada ya yi bayani cewa za a binne bututun mai a ƙarƙashin ƙasa daga Kaduna zuwa Kano, kuma layinsa zai bi ta ƙasarmu. Ya ce ramin zai fi tsayin mutum zurfi. Ya ce kafin a sa injin haƙa, an aiko shi ya binciki abin da aikin zai taɓa, na ruwa da ƙasa da zaman mutane, domin idan akwai cutarwa a gyara layin tun yana kan takarda. Garuruwan da zai zagaya suna da yawa, saboda haka ya bar fom a hannun Dagaci, ya ce a cike kafin Asabar. Dagaci ya waiwaya ya ce, "Ina Malam Dalhatu?" Ranar aka fara kirana Malam. Na karɓi fom ɗin da hannu biyu, na sa shi cikin littafi don kada ya tanƙware.

Washegari ka zo ka same ni, ka ce in biyo ka. Muka bi turakun da masu awo suka kafa masu jan fenti. Sun sare burtali a tsakiya, daidai inda ya fi matsewa tsakanin magudanar ruwa da gonaki. Ka ce idan aka yanka rami a nan, shanu ba su da ta bi sai su zagaya ta bakin titin Zariya. Ka soka sandarka a ƙasa ta fito da laima, ka ce wurin tsohon rafi ne, ramin zai tara ruwa, gefensa zai riƙa zubewa. Sannan ka taka taki arba'in zuwa yamma, ka tsaya a kan tudu mai tsakuwa, ka ce idan layin ya karkata ta nan zai wuce bayan mashaya, burtali ya tsira. Tudun nan da ka tsaya a kai, kan gonata ne.

Fom ɗin yana da gurbi huɗu: gida, maƙabarta, rijiya, gona mai amfani. Gaban kowanne akwai ɗan layi. Ba a yi wa burtali gurbi ba. A aji an koya mana cewa mai rubutu na ƙwarai ba ya tsallake layi, ba ya rubutu a gefe, ba ya ɓata bayan takarda. Na riƙe wannan a matsayin hujja, na ce wa raina abin da hukuma ba ta tambaya ba ba a faɗa mata. Na so Malam Sada ya buɗe takardar Unguwar Dinya ya ga ta fi ta kowane gari tsabta. Wannan gaskiya ce, amma rabinta ce. Ragowar ita ce alkamata tana kan tudun, kuma na san abin da zai same ta idan na rubuta maganarka. Sai na rubuta "babu" sau huɗu, da mafi kyawun rubutun da na taɓa yi.

Jami'in ya ce dattawa uku su dangwala hannu. Da na kawo maka tawada, ka daɗe kana duban takardar. Ka ce, "Dalhatu, duk abin da na faɗa jiya ya shiga cikin 'yan layukan nan?"

Na ce, "Ya shiga, Baffa. Rubutu taƙaita magana yake yi."

Ka yi murmushi ka ce, "Lallai ilimi abin nema ne." Ka miƙo babban yatsanka, ni na kama shi na danna.

Bayan damina injin ya iso. Cikin kwana biyu aka yanke burtali, aka tara ƙasa kamar ganuwa a gefe, aka wuce gaba, aka bar ramin a buɗe ana jiran bututu. Abin da ka faɗa bai saɓa ba ko ɗaya. Ruwa ya tsattsafo ya cika shi, gefen ya zube. Saniya uku suka faɗa, biyu aka yanka a ciki. Garken da ke kaiwa mashaya kafin a gama shan fura ya koma tafiyar rabin wuni ta wajen Garun Malam, kai da shekara saba'in kana biye da Hammadu saboda motocin titi. Wata rana shanu masu ƙishi suka fasa gonar tumatir suka sauka magudana, aka fasa wa wani manomi kai, aka karya wa wani makiyayi hannu. Ba a taɓa ganin haka a garinmu ba.

Ka tafi sansanin ma'aikata ka ce ai ka ba da bayani tun farko. Malam Sada ya ɗauko takardar ya karanta maka ita, ya nuna maka yatsanka. Mutanen da suka raka ka sun faɗa mini cewa ka ce, "To, ni ne ban yi wa yaron bayani da kyau ba. Hausata ba ta cika ba." Baffa, a ƙasar Kano aka haife ka, Hausarka ta fi tawa. Da ka faɗi gaskiya ranar nan, da ban sake zama gindin rimi ba. Ka ɗora wa kanka abin da na yi a gaban baƙi.

Sau ɗaya ka yi mini maganar. Ka same ni ina ban ruwa, ka tsaya a kan kunya ka gaishe ni, ka tambayi Kubra da yara. Sannan ka ce, "Na ga bayan takardar nan fari ne, babu komai. Idan ka samu sarari, ka je ka sa maganata a can." Na ce to, gobe. Na ce gobe har mako uku. Abin da ya hana ni shi ne tsayawa gaban jami'i in ce Malam Dalhatu ya rubuta ƙarya. Ina cikin wannan jinkiri ka kwanta, kuma ko gaishe ka ban iya zuwa ba sai a cikin ayarin mutane, ina daga baya.

Ranar sadakar uku Hammadu ya faɗa wa Dagaci cewa idan aka binne bututu ba a bar wa shanu mahaya ba, za su tashi su yi kudu kafin ruwa ya sauka, domin an ce za a kafa turaku da waya a kan layin. Rugar da ta yi shekara sittin a nan, inda kabarinka yake tun bai bushe ba. Na dubi Inna Hawwa tana cikin takaba, na tuna ƙwaryar madara.

Da gari ya waye na tafi sansanin tare da Dagaci da Hammadu. Na faɗa wa Malam Sada abin da na yi, ban rage komai ba, har maganar alkamar. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce da an rubuta wannan bara, karkatar da layin aikin yini ɗaya ne a kan taswira, kuma domin jin irin wannan aka aiko shi. Yanzu rami ya haƙu, ba ya tashi. Abin da ya rage shi ne a zurfafa bututun a wurin, a danne shi da dutse da siminti, a bar mahaya ba waya. Amma wurin da aka yanke ya zube, dole mahayar ta hau tudu, kuma sai mai gonar ya yarda a rubuce. Na ce mai gonar yana nan tsaye, ya yarda.

Na juya takardar na cika bayanta, tun daga laimar sanda har taki arba'in. Rubutun ya karkace, na yi kure biyu na soke. Da na gama na miƙa wa Hammadu tawada. Ya ce, "Malam, karanta mu ji." Na karanta. Sai ya karɓi takardar daga hannuna ya miƙa wa direban motar ma'aikata, mutumin da bai taɓa gani ba, ya ce, "Don Allah, kai ma karanta mana." Direban ya karanta, maganar ta zo daidai, sannan Hammadu ya dangwala da kansa. Ban ji haushinsa ba. Abin da ya kamata ya yi ke nan, kuma ni na koya masa.

Jiya aka zo aka auna mahayar. Taki talatin ne, kamar yadda ka tsayar da burtalin tun farko, kuma ta ratsa alkamata tana fitar da kai. Na sa lauje na yanke ta ɗanya, na kai ruga aka zuba wa maruƙa. Hammadu ya ce za su zauna.

Ina kira ga duk wanda Allah Ya ba karatu a ƙauyukanmu, musamman garuruwan da bututun bai kai ba tukuna: idan aka ba ku takardar bincike, ku rubuta abin da dattawa suka faɗa, ko da ba a yi masa gurbi ba, ku kuma karanta musu kafin ku kama yatsansu.

Baffa, ban nemi gafararka ba kana da rai, kuma wannan zai zauna tare da ni. Ina roƙon Allah Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa mini a gaban mutane. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi, Ya shayar da kai daga tafkin Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hawwa, da Hammadu, da Raliya, da jikoki, da dukan jama'ar ruga da na gari. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari. Ina kuma roƙonku ku yafe mini a madadinsa, idan za ku iya. Na ba baƙon malamin firamaren da aka turo garinmu kwafin wannan takarda, shi zai zo ya karanta muku ita.

Dalhatu Iliyasu,
Unguwar Dinya, Bunkure.